KWANA GOMA A BIRNIN GWANZU: Nasiha Ga Wanda Aiki Zai Kai Shi Ƙasar Sin

Tun da na komo daga ƙasar Sin 'yan'uwa da abokan aiki suke ta yi mini tambayoyi, wasu a ofis, wasu a ƙofar masallaci. Kaɗan ne daga cikinsu suka tambayi farashin kaya. Galibin tambayoyin ba su wuce uku ba: me Musulmi zai ci a can, ina zai yi salla, kuma me zai yi da kansa idan an tashi daga aiki rana ta faɗi. Saboda haka na ga ya kamata in tara amsoshin wuri guda a wannan fili, ko Allah Ya sa su amfani wani.

Na tafi ne a watan Oktoba na 2024, cikin ayarin 'yan kasuwa da ma'aikata, domin halartar Baje Kolin Kanton. Garin da 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu shi ne za ka ga an rubuta Guangzhou a tikitinka, Turawa kuwa sun daɗe suna ce masa Kanton. Shi ne babban birnin lardin Guangdong a kudancin Sin, yana bakin Kogin Lu'ulu'u, kuma a ƙidayar 2020 an sami mutum fiye da miliyan 18 a cikinsa. An fara wannan baje koli a 1957, ana kuwa yinsa sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, a wata unguwa mai suna Pazhou. An kasa shi kashi uku, kowane kashi kwana biyar, da hutun kwana uku a tsakani. Wannan hutu, da kuma awoyin da ke tsakanin Magariba da kwanciya, su ne lokacin da baƙo yake da ikon kansa, kuma a kansu mafi yawan maganata za ta tsaya.

ABIN DA ZA A SHIRYA TUN DAGA GIDA

Abu uku zan ambata a taƙaice. Na farko, kada fasfo ya rabu da aljihunka ko da masallaci za ka, domin 'yan sanda suna da ikon tambayarsa a ko'ina. Idan a otal ka sauka, su za su yi maka rajista. Idan kuwa a gidan wani ne, wajibi ne ka kai kanka ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Wanda ya bari bizarsa ta ƙare, doka ta yanke masa tarar yuwan 500 a kowace rana, har zuwa yuwan 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Na biyu, mutanen garin da waya suke biyan kusan kome, daga kuɗin mota har na ruwan sha, ta WeChat ko Alipay, don haka a sa su a waya tun kafin a tashi. Na uku, WhatsApp da Facebook da Google a toshe suke a intanet ɗin ƙasar. Mai iyali ya sa wa uwargida WeChat kafin ya yi sallama, in ba haka ba sai a kwana biyu ana zulumi a gida.

ALƘIBLA TA KOMA YAMMA

Bari in fara da kuskuren kaina. Mu Hausawa mun saba idan aka ce a fuskanci gabas to salla ake nufi. Da muka sauka cikin dare, sai na tambayi wani ma'aikacin otal ta ina rana take fitowa, ya nuna mini, ni kuwa na shimfiɗa dardumata ta nan. Kwana biyu ina haka, sai wani dattijo daga cikin ayarinmu, wanda ya daɗe yana zuwa ƙasar, ya leƙo ɗakina ya tarar ina sallar La'asar. Ya jira har na sallame, sa'an nan ya ce, "Malam, ai Makka ka ba baya." Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya haka?" Ya ce, "To ai ka wuce ta tun kana cikin jirgi." Kunya ta kama ni, na tashi na sake sallolin nan duka domin hankalina ya kwanta.

Saboda haka a sani: a Gwanzu alƙibla tana yamma, a ɗan karkata dama, watau wajen arewa. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa 7, don haka kada a dogara da lokutan sallar gida. Game da ƙasaru kuwa, abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar shi ne matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. Tun da kowane kashi na baje kolin kwana biyar ne, yawancinmu cikawa ta kama mu tun daga ranar isowa.

MASALLATAI DA TARIHINSU

Wanda bai karanta tarihi ba zai zaci mu ne Musulmin farko da fatauci ya kai wannan gari. Alhali fiye da shekara dubu ke nan fataken Larabawa da Farisawa suke zuwa nan da jiragen ruwa, suna kiran garin Khanfu. Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan na Maroko, ya ba da labarin zuwansa wajen 1345, ya ce ya sami Musulmi da unguwarsu, da masallacinsu, da kasuwarsu, da alƙalinsu. Shi ne kuma wanda a 1353 ya sauka Takadda, cikin ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir da Barno daga can. Ashe tun wancan zamani mutum guda ya ga kasuwar Sin ya kuma ji labarin tamu.

Tsofaffin masallatan garin huɗu ne, amma biyu ne ya kamata baƙo ya tabbata ya gani. Na farko shi ne Huaisheng, ma'anar sunan kuwa ita ce tunawa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yana kan Titin Guangta, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga tashar Ximenkou ta jirgin ƙarƙashin ƙasa. Rufinsa da ƙofofinsa ginin Sinawa ne sak, har mutum zai iya wucewa bai gane masallaci ba ne, sai dai hasumiyarsa ta tona shi. Doguwa ce, zagayayya, ba ado a jikinta, tsawonta wajen mita 36. A dā, lokacin da kogi yake kusa da ita, da ita matuƙa jiragen ruwa suke gane sun iso. An sake gina masallacin a 1350, aka kuma sake a 1695 bayan gobara. Na yi sallar Azahar a ciki tare da waɗansu tsofaffi 'yan ƙabilar Hui masu fararen huluna. Ba mu jin harshen juna, amma da aka ta da iƙama kowa ya san inda zai tsaya.

Na biyu shi ne Xianxian, wanda baƙi suke kira Masallacin Abi Waƙƙas, kusa da tashar Lambun Yuexiu. Nan ne mafi yawan baƙi suke sallar Juma'a, kuma lalle a je da wuri. A Juma'ar da na yi a can, Balarabe ne a damana, Bafulatanin Gini a haguna, a gabana kuwa mutanen Fakistan da na Indonesiya da Sinawa ne, har sahu ya fita cikin itatuwa.

A harabar wannan masallaci akwai tsohuwar maƙabarta, da wani kabari mai ƙubba wanda mutanen garin suke cewa na Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah Ya ƙara masa yarda. Suna kuma cewa shi ya gina Huaisheng a 627. A nan sai a yi hattara. Shekarar 627 ita ce shekarar yaƙin Handaƙ, Sa'adu kuwa yana Madina. Abin da ya tabbata wajen malaman tarihin Musulunci shi ne ya rasu a Aƙiƙ, kusa da Madina, wajen shekara ta 55 bayan Hijira, aka rufe shi a Baƙi'a. Don haka a shiga da ladabi, a yi wa Musulmin da ke kwance a wurin addu'a, domin sun cancanta, amma kada a komo gida ana shelar an ziyarci kabarin Sahabi.

ME ZA A CI?

Mutanen Kanton sun yi suna a duk ƙasar Sin wajen iya girki, sai dai naman alade ne naman yau da kullum a wurinsu. Wahalar ba ta tsaya ga yankan naman da ido yake gani ba. Da kitsensa ake soya ganye a wasu wurare, da ƙashinsa ake haɗa romo, ana cusa shi cikin 'yan ƙulle-ƙullen fulawa ko da an ce na jatan lande ne, sa'an nan ana zuba giyar shinkafa a girki kamar yadda muke zuba daddawa. Mutum ya ce a ba shi shinkafa da ganye kawai, wannan bai fisshe shi ba.

Mafita ita ce a haddace surar waɗannan haruffa biyu: 清真. Ana furta su "cing-jan", su ne kuma alamar halal a ƙasar. Kada a tsaya neman rubutun Larabci, gama an cire shi daga allunan shaguna da yawa. Kusan kowace unguwa tana da ɗan shagon taliyar Lanzhou mai ɗauke da wannan alama, galibi na Musulmin arewa maso yammacin ƙasar. A gabanka mai girki zai ja curin fulawa da hannu, ya ninka, ya sake ja, har ya zama zare-zare, ya jefa a tukunya, ya zuba maka da romon naman sa. Ga araha, ga ƙoshi. Akwai kuma gidajen abincin mutanen Xinjiang, masu gasa naman rago a tsinke da barkono, har sai ka tuna tsiren bakin tasha, da gurasa mai kauri da shinkafa dafa-duka da karas. Sai dai wasu daga cikin manyansu suna sayar da giya duk da alamar, don haka a leƙa a gani kafin a zauna.

Wanda ya yi kewar abincin gida sai ya nufi unguwar Xiaobei, ana furta ta "Shawbe", tana da tasharta ta jirgi. Nan ne matattarar baƙi Musulmi da 'yan Afirka, ko da yake sun ragu ƙwarai tun bayan annobar korona ta 2020. Akwai abincin Turkawa da na Larabawa, har da masu tuƙa tuwo irin na Afirka ta Yamma. Amma ina ba da shawara kada a ƙare kwana goma a Shawbe kaɗai. A Titin Zhongshan na shida, kusa da Huaisheng, akwai tsohon gidan abinci na Musulmi mai suna Huimin, inda ake yin girkin Kanton na asali da naman halal. A je da safe a sha shayi da 'yan ƙananan cimarsu da ake turarawa a kwandunan gora. A nan na koyi ladabi biyu: ana ɗauraye ƙoƙo da tsinkayen cin abinci da ruwan shayi kafin a fara, kuma idan wani ya zuba maka shayi sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu, godiya ke nan.

Wata dabara mai amfani: ka sa tafintanka ya rubuta maka a ɗan kati da harshensu cewa kai Musulmi ne, ba ka cin alade ko kitsensa, ba ka shan giya ko abin da aka dafa da ita. Nuna kati ya fi ƙoƙarin faɗa da baki, domin harshensu da karin sauti yake rarrabe ma'ana, kamar yadda "fari" na launi ya bambanta da "fari" na rashin ruwa a namu.

LIYAFAR MASU MASANA'ANTA

A al'adar kasuwancinsu, ba a cika ƙulla babban ciniki ba sai an ci abinci tare. Za a gayyace ka liyafar dare, a zauna a zagayayyen tebur, a kawo wata giya fara kamar ruwa mai suna baijiu, wadda galibi da dawa ake yinta, mai ƙarfin gaske. Mai gida zai miƙe ya ɗaga ƙoƙo ya ce "ganbei", watau a shanye sai ƙoƙo ya bushe. A nan ne wasu 'yan'uwa suke rikicewa, su ce ai in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma sai ka nemi tsumma ka ɗaura. Wannan karin magana tana da iyaka, kuma a bakin ƙoƙon nan iyakarta take.

Abin da dattijon nan ya koya mini shi ne a yi magana tun lokacin gayyata, kada a bari sai an zauna. Ka ce ka amsa da farin ciki, amma kai Musulmi ne, kana roƙon a yi liyafar a gidan abinci na cing-jan, kuma ba da giya ba. Sau biyu muka yi haka, ba wanda ya ɓata rai; ɗaya daga cikinsu ma da kansa ya nemo wurin. Sinawa sun san Musulmi, suna da su miliyoyi a ƙasarsu. Mai masana'anta kuwa odarka yake bukata, shanka bai dame shi ba.

IDAN DARE YA YI

Hausawa sun ce dare mahutar bawa, sun kuma ce dare rigar mugu. Duka biyun na gani a Gwanzu. Garin ba ya barci da wuri, kuma akwai wuraren da mutum zai je bayan Isha'i ya buɗe ido ba tare da ya ɗauki zunubi ba.

Mafi kyau shi ne shiga jirgin ruwa na yawon dare a Kogin Lu'ulu'u, daga mashigar Tianzi ko ta Dashatou. Tafiyar awa guda ce da 'yan kai, ana ratsa ƙarƙashin gadoji masu fitilu, har a zo daidai Hasumiyar Kanton, wadda aka buɗe a 2010, tsawonta wajen mita 600, tana sauya launi daga sama har ƙasa. Wanda ba ya son kashe kuɗi sai ya je Dandalin Huacheng, tsallaken kogi daga hasumiyar, ya zauna cikin iyalai da yara ya sha iska kyauta. Akwai kuma Titin Beijing, inda mota ba ta shiga. A tsakiyarsa an rufe wani rami da gilashi, ana hango daɓen tsofaffin hanyoyi, wani bisa wani, na wajen shekara dubu. Na daɗe a tsaye a wurin ina tunanin fataken da suka taka su, kowa da lissafinsa a ka, yau ba a san ko sunan ɗaya ba.

A ranakun hutu kuwa, da la'asar sakaliya, a je tsibirin Shamian. Ingila da Faransa suka karɓe shi suka zauna a ƙarni na 19, bayan yaƙe-yaƙen da suka yi da Sin a kan cinikin ofiyom, gine-ginensu kuma suna nan ƙarƙashin manyan itatuwa. Duk wanda ya san unguwannin Turawa na garuruwanmu zai gane abin da yake kallo. A tuna dai jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa wajen ƙarfe 11 na dare. Idan an koma masauki ƙarfe 10, a gida ƙarfe 3 na rana ne, yara sun taso daga makaranta. Babu abin da ya fi kiran iyali a wannan lokaci tsare zuciyar matafiyi.

Ɗaya fuskar daren kuwa ita ce ta mashaya da gidajen waƙa da suke kira KTV, da 'yan katunan banza da ake turowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin otal. Hukuncinsu a addini sananne ne, ba sai na maimaita ba. A dokar ƙasar ma karuwanci laifi ne, fataucin miyagun ƙwayoyi kuwa yana kai mutum ga hukuncin kisa, saboda haka kada a karɓi saƙon kowa a rufe, ko da ɗan garinku ne.

Akwai wani saurayi a ayarinmu, zuwansa na farko ke nan. Jarin da ya zo da shi ba nasa ba ne shi kaɗai: akwai na yayyensa, akwai adashin matan gidansu. Wani dillali ya lizimce shi, ya kai shi cin abinci, daga nan gidan waƙa, dare biyu a jere, bai bar shi ya biya ko sisi ba. Yaron ya rantse mini bai sha kome ba, na kuwa gaskata shi. Amma a rana ta uku, da dillalin ya ajiye masa takardar oda, sai nauyi ya hana shi cewa zai duba wani wuri, ya sa hannu, ya biya kafin alƙalami. Washegari muna zagaya rumfuna ya ga kayan nan, iri ɗaya, a farashin da ya sa ya nemi wuri ya zauna. Da ya kai kuka wajen dattijonmu, sai ya ce masa, "Ɗana, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin waƙar nan kai ka biya, da kuɗin iyayenka mata." Har muka hau jirgi yaron yana lissafin abin da zai faɗa a gida.

AMANA

Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da wuya a sami wanda ya tafi irin wannan tafiya da kuɗinsa shi kaɗai. Ɗan kasuwa yana ɗauke da dukiyar abokan tarayya da ta dangi. Ma'aikaci kuwa kuɗin jirginsa da na guzurinsa daga baitulmali suka fito, watau haƙƙin talakawa ne, kuma an ba shi ne domin ya halarci aikin da aka tura shi, ya komo da rahoto na gaskiya. Wanda ya raba dare a yawo ba zai iya duba samfuri da idon basira da safe ba, ba kuma zai fahimci abin da ake faɗi a zauren taro ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, idan Allah Ya nufe ka da zuwa Gwanzu, ka nemi abokin tafiya na kirki ku riƙa fita tare. Ka ga masallatai, ka ci taliya, ka shiga jirgin ruwa, ka sayo wa yara tsaraba. Kada ka sa hannu a takarda da dare, kuma kada ka karɓi alherin da ba za ka iya faɗa wa masu dukiya ba. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya, Ya sa albarka a abin da muka nema.